Karin Maganar Ingilishi A Kan Abota Da Zaman Tare



An umurce ni in yi muku bayani a kan waɗansu maganganu na azanci waɗanda masu harshen Ingilishi suke amfani da su sa'ad da suke zancen abota, da zumunci, da aure, da saɓani, da sulhu. Sana'ata fassara ce, na kuwa daɗe a cikinta, saboda haka yawancin abin da za ku ji daga bakina tuntuɓe ne da na yi da kaina, ko wanda na ga waɗansu sun yi. Bari in soma da wani abu da ya faru a gabana.

Akwai wani dattijo, maƙwabcinmu, mai fataucin goro tsakanin kudu da arewa. Yana da abokin ciniki mutumin kudu, sun fi shekara ashirin tare, har 'ya'yansu sun san juna. Ana nan sai wata rigimar kuɗi ta shiga tsakaninsu, suka shekara biyu ko gaisuwa babu. Ran nan sai ga takarda daga abokin nan, an rubuto ta da Ingilishi. Dattijo ya kira ɗansa, ɗan makarantar sakandare, ya ce ya karanta masa. A ƙarshen takardar an rubuta, "Let us bury the hatchet." Yaro ya dubi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba, cewa ya yi ku zo ku binne gatari."

To, kun dai san abin da binne-binne yake nufi a wurinmu, kun kuma san gatari makami ne. Dattijo ya ɗauka ko dai barazana ce, ko kuwa asiri ake shirin yi masa. Ya kwana bakwai ba ya barcin kirki, ya raba sadaka, har ya yi niyyar kai ƙara wurin 'yan sanda. Allah ya sa kafin ya tafi ya biyo ta wajena da takardar. Na ce masa, "Baba, mutumin nan sulhu yake nema. Cewa yake yi a yafe wa juna, abin da ya wuce ya wuce." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ashe bawan Allah gafara yake roƙo, ni kuwa ina nan ina neman tsari da shi."

Ku lura, yaron nan bai kuskure kalma ko ɗaya ba. Kuskurensa shi ne bai san cewa kalmomin nan idan sun haɗu suna ɗaukar wata ma'ana dabam da wadda kowace take da ita ita kaɗai ba. Mu ma haka namu harshe yake. Idan muka ce wane da wane "ba sa ga maciji," babu macijin da ya fito. Idan muka ce "jininsu ya haɗu," babu wanda aka yanka. Idan muka ce "sun yi hannun riga," babu ruwan ɗinki a ciki. Baƙon da ya bi waɗannan kalma da kalma zai ɓata hanya, kamar yadda ɗan dattijon nan ya ɓata.

DALILIN DA YA SA ABIN YA SHAFE MU

Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, Ingilishi kuwa shi ne harshen aikin gwamnati da na yawancin makarantu. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da shi za a gudanar da harkokin Majalisar Ƙasa, tare da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata. Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, samari da 'yan mata da suka gama karatu mai zurfi suke barin jihohinsu su je su shekara cikin mutanen da ba su jin harshensu. Haka soja, da ɗan sanda, da ma'aikacin tarayya, da ɗan kasuwa. Galibi da Ingilishi suke ƙulla abota, da shi suke saɓawa, da shi kuma suke shiryawa. A zamanin nan da saƙo yake tafiya ta wayar hannu cikin ƙiftawar ido, ba tare da ka ga fuskar mai shi ko ka ji muryarsa ba, hatsarin rashin fahimta ya daɗa yawa. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar mayarwa.

ƘULLA ABOTA

Idan baƙi sun taru a ɗaki kowa ya yi tsit, sa'an nan wani ya yi ƙarfin hali ya ja hira har aka saki jiki, sai a ce ya yi "break the ice," watau ya fasa ƙanƙara. A ƙasashen sanyi ruwan kogi yakan daskare da hunturu, jirgin ruwa ba ya wucewa sai an fasa masa hanya. Shirun da ke tsakanin baƙi shi aka kwatanta da ƙanƙarar nan. Mu gaisuwa ce take yi mana wannan aiki, shi ya sa muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Idan mutum biyu suka haɗu suka shaƙu nan take, akan ce "they hit it off." Ko da yake akwai kalmar duka a ciki, babu wanda ya taɓa wani, jininsu ne ya haɗu. Wadda ta fi wannan tsoratar da mai koyo ita ce "they get on like a house on fire." Bahaushe in ya ji gida da wuta, gobara zai tuna, ya ɗauka faɗa ya ɓarke. Alhali kuwa yabo ne. Saurin da wuta take kama gidan kara shi ake nufi, watau abotarsu ta kama da sauri da ƙarfi.

Har wa yau akwai "see eye to eye." A tarbiyyarmu yaron da ya kafa wa babba ido tsaurin ido ya yi, a Ingilishi kuwa ma'anar wannan magana ita ce ra'ayi ya zo ɗaya. Tana cikin fassarar Baibul ta Ingilishi da aka buga a 1611 a zamanin Sarki James, cikin littafin Ishaya. An fi yin amfani da ita wajen korewa. Idan shugabanka a wurin aiki ya ce kai da shi ba ku "see eye to eye" a kan wani al'amari, ba ya zarginka da rashin kunya. Yana gaya maka cikin ladabi cewa ra'ayinku ya bambanta.

ABOKIN GASKIYA DA NA GANIN IDO

Babu ɗan makarantar da bai haddace "a friend in need is a friend indeed" ba, amma da yawa suna juya ma'anarta. Na sha jin ana fassara ta da cewa aboki mabukaci shi ne aboki na gaskiya. Mai bukatar a nan kai ne. Wanda ya tsaya maka ranar da kake cikin wahala, shi ne abokinka. Tsohuwar hikima ce, domin Cicero, mashahurin masanin nan na Rumawa, ya kawo irinta cikin littafin da ya rubuta a kan abota shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ma kuwa daga wani mawaƙi da ya riga shi ya ɗauko ta. Mu muna cewa abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Kishiyarsa shi ne "fair-weather friend," abokin da ba a ganinsa sai gari ya yi kyau. A nan sai mu kula da bambancin ƙasa. A Ingila sanyi da yayyafi sun yi yawa, saboda haka hasken rana shi ne alamar jin daɗi, ranar ruwa kuwa alamar tsanani ce, har sukan ce mutum ya yi tanadi domin "a rainy day." Mu da muke roƙon ruwa muna kiran damina uwar albarka, tilas mu juya hoton kafin mu gane shi. Irin waɗannan abokai su ne muke kira 'yan a bi Yarima a sha kiɗa. Idan kiɗa ya ƙare ba ka ganin ko ɗaya.

Wanda ya bi ka "through thick and thin" shi ne wanda yake tare da kai da daɗi ba daɗi. Asalin maganar daga tafiyar daji ne, inda wani wuri kurmi ne mai duhuwa, wani wuri kuwa itatuwa jefi jefi. Tana cikin rubuce-rubucen Chaucer, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1400, ga ta kuwa har yau ba ta tsufa ba.

Akwai biyu da nake so ku yi hattara da su, domin suna da ƙaya. Ta farko ita ce "as thick as thieves." Ana faɗinta ga mutum biyu da suka zama kamar hanta da jini, suna riƙe asirin juna. Sau da yawa cikin raha ake faɗinta, amma tunda akwai sunan ɓarayi a ciki, takan ɗauki ƙanshin abokin cin mushe wanda ba a ɓoye masa wuƙa. Kada ka faɗe ta ga manya, kada kuma ka sa ta cikin takardar aiki. Ta biyu ita ce "birds of a feather flock together," watau tsuntsaye masu gashi iri ɗaya tare suke tashi. Daidai take da namu na cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota, amma an fi jefa ta wajen zargi, kamar yadda muke cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Na taɓa jin wani ya faɗe ta a wurin walimar aure da nufin yabon ango da amarya, waɗanda suka san harshen suka sunkuyar da kai.

Wanda kuwa ya yi maka "stab in the back," amanarka ya ci, ya cuce ka a ɓoye alhali yana yi maka dariya a fili. Magana ce mai nauyi ƙwarai, kada ka ɗora ta a kan wanda ya makara wajen biyan bashi ko ya manta da alkawarin ziyara.

WASA DA SAƁANI DA SULHU

Idan abokin aikinka ya gaya maka wani abin mamaki, ya ga ranka ya soma ɓaci, sa'an nan ya ce, "I am only pulling your leg," zolayarka yake yi, babu batun jan ƙafa ko neman kayar da kai. Wannan bai kamata ya zame mana baƙon abu ba, mu da muke da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa. Abin da ake bukata gare ka shi ne ka yi dariya, in kana da abin ramawa ka rama.

Amma zo mu zauna zo mu saɓa ne, ko harshe da haƙori sukan saɓa. Idan abokai suka ɓata akan ce "they have fallen out." Idan ɗaya ya share ɗaya, ya gan shi ya kau da kai, sai a ce ya ba shi "the cold shoulder." Wannan magana ta bayyana cikin wani littafin Walter Scott, marubucin ƙasar Sikotilan, a 1816. Za ku ji waɗansu suna cewa asalinta shi ne ba baƙon da aka gaji da shi karfatar rago mai sanyi maimakon nama mai zafi. Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihin kalmomi ba su karɓe shi ba. Kafaɗar da aka juya wa mutum ita ake nufi, kamar yadda muke cewa ya juya masa baya.

Yanzu sai mu koma ga gatarin dattijo. Maganar "bury the hatchet" daga Amurka ta fito. Waɗansu daga cikin ƙabilun asali na arewacin nahiyar suna da al'ada, idan an gama yaƙi an yi sulhu, shugabanni sukan binne gatarin yaƙi a ƙasa a gaban jama'a, alamar ba za a sake ɗaukarsa ba. Turawan da suka je can suka ga haka, suka rubuta labarinsa tun ƙarni na 17, daga bisani ya zama karin magana. 'Yar'uwarta ita ce "hold out an olive branch," watau miƙa reshen zaitun. Zaitun alamar zaman lafiya ne tun zamanin Girkawa da Rumawa, a cikin Baibul kuma an ba da labarin kurciyar da ta komo wa Annabi Nuhu da ganyensa bayan ruwan ɗufana ya janye. Wanda ya miƙo maka reshen zaitun ya riga ka neman shiri, abin da ya dace da mutumin kirki kuwa shi ne ya karɓa. Idan an shirya sai a ce "let bygones be bygones," abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Ƙasar da ta ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ta kuma sake zama ɗaya, ta san darajar waɗannan kalmomi.

DANGI DA AURE

"Blood is thicker than water" ba ta da wuyar ganewa gare mu, domin muna cewa ɗan'uwa rabin jiki, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai ku tuna, mu muna kiran ɗan baffa da ɗan kawu da ɗan gari duka 'yan'uwa, Bature kuwa in ka ce "my brother" zai ɗauka uwa ko uba kuka haɗa. A hira babu laifi, amma wajen cika takardar neman biza ko ta gado, wannan ɗan bambanci yana iya sa a ɗauke ka maƙaryaci.

Wajen aure harsunan biyu sun yi kusan haɗuwa. Su suna cewa "tie the knot," watau ƙulla ƙulli, mu muna cewa an ɗaura aure. Amma tasu ta hira ce, ba a sa ta cikin takardar gayyata ta girmamawa. Mutum yakan kira matarsa, ko mace ta kira mijinta, "my better half," rabin da ya fi kyau, wannan kuwa yabo ne cikin raha. Idan aka ce aure yana "on the rocks," an kwatanta shi da jirgin ruwan da ya hau kan duwatsu, watau yana gab da mutuwa in ba a kai masa ɗauki ba.

A nan ne nake roƙonku ku fi mai da hankali, domin mutuncin mutane ne a ciki. Idan aka ce wane "is going out with" wance, ana nufin soyayya suke yi, ko da kai nufinka tare suka fita daga ofis. Idan aka ce suna da "an affair," ana nufin neman juna a ɓoye, ko da kai nufinka wata harkar kasuwanci ce ta haɗa su. Haka kuma "girlfriend" budurwar da ake nema ce, abokiyar aiki ko ta karatu kuwa "colleague" ce ko "classmate." Kalma guda da aka sa ba a wurinta ba tana iya ɓata sunan 'yar mutane, ko ta girgiza gidan da yake zaune lafiya.

SHAWARA GA MAI KOYO

Na farko, idan ka san kowace kalma cikin jimla amma ma'anar ta fito bambaraƙwai, ka zaci karin magana ne, ka dakata kafin ka yi fushi ko ka ba da amsa.

Na biyu, ka nemi ƙamus wanda aka yi domin masu koyo, irin na A. S. Hornby wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta soma bugawa a 1948, ake kuma sabunta shi har yanzu. Ka duba ƙarƙashin babbar kalmar da ke cikin maganar, ka karanta misalan, ka lura ko an nuna ta hira ce ko ta rubutu.

Na uku, ka tanadi ɗan littafi. Duk wadda ka tsinta ka rubuta ta tare da jimlar da ka same ta a ciki, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, sa'an nan ka nemi takwararta ta Hausa ka ajiye kusa da ita. Wadda ba ta da takwara ka bayyana ta da magana miƙaƙƙiya.

Na huɗu, kada ka canza kalmominta. Ba a cewa a binne wuƙa maimakon gatari, kamar yadda ba ma cewa wane da wane ba sa ga kunama.

Na biyar, ganewa ta fi faɗa muhimmanci. Ka fahimci ɗari, ka yi amfani da goma. Karin magana gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci. Takardar aiki kuwa, da ta neman gafara, da ta ta'aziyya, sun fi kyau da kalmomi masu sauƙi waɗanda ba za a juya su ba.

Na shida, in ka yi shakka ka tambayi mai maganar abin da yake nufi. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu abokin kirkin da zai raina ka don ka nemi ka fahimce shi.

Watakila kuna so ku ji ƙarshen labarin dattijon nan. Ya sa na rubuta masa amsa, ya ce kada in sa mata wani ado, in ce kawai ya yafe, shi ma a yafe masa. Da na gama ya karɓa ya ninke, ya ce takarda ba ta isa ba, zumunci a ƙafa yake. Mako na zagayowa ya hau mota ya kai ta da hannunsa.

Allah ya ba mu fahimtar juna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.